Inda tsoron gwaji a kan mutane ya samo asali

Malam, ka tambaya me ya sa ake ƙyamar wasu binciken kimiyya. Ni ban ɗauke shi jahilci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, likitoci sun bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don su ga yadda zai ci jikinsu, har bayan da aka samu fenisilin, maganin ciwon. A Kano, 1996, an gwada sabon magani mai suna Trovan kan yara masu sanƙarau. Da maganar gwajin rigakafin Ebola ta taso a Hohoe ta Ghana a 2015, har majalisa ta tsoma baki aka dakatar.

Nan unguwar Aboabo a Ghana, kakata ko jini ba ta yarda a ɗiba sai na zauna na riƙe mata hannu.