Yadda za ki cike ƙuri'ar gidan waya a Amurka ba tare da an soke ta ba

Wa alaikis salam 'yar uwa. Kin ce an aiko miki da takardar ƙuri'a gida, karonki na farko kenan tun da kika zama 'yar ƙasa, kina tsoron kar a watsar da ita.

Ki samu baƙin biro ki cike da'irar da ke gefen sunan wanda kike so taf, ban da tik ko kuros. In kin yi kuskure kar ki goge, ki kira ofishin zaɓe na yankinku su ba ki sabuwa.

Inda mutane suka fi faɗawa wallahi ambulan ne. A jihar Fensilbaniya ambulan biyu ake bayarwa, sai kin saka ƙuri'ar a ƙaramin na sirri sannan ki zura shi a babban, in kin manta ƙaramin shikenan ba za a ƙirga ba. Sa hannu a bayan babban kuma dole ne. A jihar Wiskonsin har shaida sai ya sa hannu.

Ki aika da ita mako guda kafin zaɓe, don wasu jihohin ranar isowarta suke dubawa. Kowace jiha da dokarta, ki tambayi ofishin zaɓen naku.