Ku Tambaya Mu Amsa: Mu sare tsamiyar ko mu ƙyale ta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Muna fita da'awa wani ƙauyen Maguzawa duk ƙarshen wata, har mutum 7 sun karɓi shahada alhamdulillah, to amma akwai wata tsamiya a bayan gari da dattawansu ke yanka baƙin bunsuru a gindinta kafin shuka, samarinmu sun dage sai an sare ta, su kuma dattawan sun ce in aka taɓa ta kar mu ƙara taka musu gari. Ya za mu yi? Daga wani ɗalibi, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ku ajiye gatarin nan tukuna. Na farko dai ba gonarku ba ce, in rigima ta tashi ku mota za ku hau ku dawo birni, waɗancan bakwai ɗin su za a bari da iyayensu da surukansu.

Kuma ai an taɓa sarewa. Sarki Muhammadu Rumfa da ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499 ya sare bishiyar tsafi ya gina masallaci a gurin, shi fa sarki ne mai dogarai, amma duk da haka daga baya aka riƙa yi wa Dirki, wani abin tsafi da aka naɗe da fatu, yanka a fada har zamanin Sarki Alwali, wajen shekara 300 bayan Rumfa, sai gab da jihadin Shehu abin ya kau. Bayan jihadin ma ba a ce Maguzawa su musulunta dole ba, jiziya aka sa musu.

Ni wadda ta fi burge ni Nana Asma'u ce. Ta ga bori ya riƙe matan karkara, nan suke zuwa in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ko haihuwa ta gagara, sai ta kafa 'yan taru, wato ƙungiyar mata masu karantarwa, shugabarsu da ake kira jaji ta sa malfa ta bi ƙauyuka tana koya wa mata addini da waƙa cikin harshensu.

Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne a ba mutum shahada a ɗau hoto a watsa a Facebook, shi ke nan an wuce, gobe ya zo neman aure a fara cewa ai tubabbe ne. To wa zai koya masa alwala, wa zai tsaya masa in danginsa sun hana shi gona? Ku samu malami ɗaya ya tare a garin ko da na damina guda ne, kuma in kun koma ku fara zuwa gaida dattawan nan da goro kafin ku kunna lasifika.