Me ya sa dattawan Yahudawa ba sa ajiye littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin addinai. Na ga hoton wani filin wasa a Amurka cike maƙil da Yahudawa, da yawansu masu furfura, aka ce murnar kammala wani littafi suke yi, kuma nan take suka koma farkonsa. Shin su ba su da ranar da mutum zai ce ya gama karatun addini ne? Kuma karatun yana taɓa halin mutum, ko tara ilimi ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara fahimta. Taron da ka gani sunansa Siyum HaShas, bikin kammala Talmud, babban littafin dokokin addininsu da muhawarar malamansu. Na ƙarshe an yi shi ranar 1 ga Janairu, 2020, a filin MetLife da ke jihar New Jersey, inda mutum wajen 90,000 suka zauna cikin tsananin sanyi. Amsar tambayarka ta farko a taƙaice ita ce babu wannan rana. Musa ibn Maimun, babban malaminsu da aka haifa a Kurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta ƙarara cewa karatun Attaura wajibi ne a kan talaka da mai kuɗi, mai lafiya da majinyaci, saurayi da tsoho tukuf, kuma wajibcin bai faɗuwa sai ranar mutuwa.

Dalilin yana cikin tarihi. Da can ibadarsu ta rataya ne a kan Haikalin Kudus da layyar da ake yi a cikinsa. A shekara ta 70 miladiyya Rumawa suka rushe shi. Jama'ar da ta rasa wurin hadaya dole ta sami wani abin riƙo, sai malamai irin su Yohanan ben Zakkai suka koma garin Yabne suka ɗora addinin a kan addu'a, karatu da ayyukan alheri. Tun daga nan zama gaban littafi ya koma ibada da kansa, ba share fagen ibada ba. Wajen shekara ta 200 aka tattara dokokin baka a littafin Mishna, sannan makarantun Sura da Pumbedita, a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, suka shafe ƙarnuka suna yi masa sharhi da muhawara. Haɗin biyun shi ne Talmud na Babila.

Tsarin da ya tara waɗancan mutane a filin wasa kuwa sabo ne. A 1923, a wani taro a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wani malami daga Polan, Rabbi Meir Shapiro, ya kawo shawarar a riƙa karanta warƙa ɗaya kullum, gaba da baya, kowa a duniya a kan warƙa guda. Ana kiran tsarin Daf Yomi. Warƙoƙin 2,711 ne, don haka zagaye ɗaya yana cin shekara 7 da kusan wata 5. Ba hutu, ko ranar aure ko ranar biki. Matafiyi zai sauka a wani gari, ya shiga majami'a, wato wurin ibadarsu, ya tarar ana kan layin da ya baro a gida. Abin ya yi kama da zauren malaminmu bayan sallar Asuba, inda ɗan kasuwa da tela da tsohon ma'aikaci suke ɗaukar darasi kafin kowa ya kama harkarsa.

Ya kamata ka ga yadda shafin yake. Rubutun asali yana tsakiya, cikin Ibrananci da Aramaik. Ta gefen ɗinki akwai sharhin Rashi, malamin garin Troyes na Faransa da ya rasu a 1105, ta gefen waje kuma sharhin jikokinsa da almajiransu, waɗanda sau da yawa ja suke yi da shi. Ba a cika karantawa shiru ba. Mutum biyu ne suke zama fuska da fuska, suna jan karatun da ƙarfi, jiki na rangaji, wannan ya kawo fahimtarsa wancan ya ce bai yarda ba, a nemo hujja. Wannan abokin karatu ana ce masa habruta, kuma akwai waɗanda suke riƙe juna shekaru da dama. Littafin kansa bai goge ra'ayin da aka kayar ba: saɓanin makarantar Hillel da ta Shammai, manyan malamansu biyu na da, yana nan a rubuce, bi da bi. A ganina nan ne ƙarfin abin yake. Littafin da ya ajiye tambayoyinsa a buɗe ba ya tsufa a hannun mai karatu, domin ɗan shekara 20 da ɗan shekara 70 ba damuwa ɗaya suke kawowa gaban shafi ba.

Ba kowa ke iya Talmud ba, amma zagayen ya haɗa da kowa. An raba littattafan Attaura biyar gida 54, ana karanta rabon mako a majami'a kowace Asabar, a kammala cikin shekara. Ranar bikin Simhat Tora ana karanta rasuwar Annabi Musa, sai a buɗe wani naɗaɗɗen littafin Attaura a soma labarin halitta a zama ɗaya. Bikin balaga ma, na yaro a shekara 13 da na yarinya a 12 a yawancin al'ummominsu, shiga ne cikin nauyin dokoki 613, ba yaye ba. Wanda ya makara kuwa ana ƙarfafa masa gwiwa da labarin Rabbi Akiba, makiyayin da aka ce bai san baƙi ba sai da ya kai 40, ya ga yadda ɗigon ruwa ya huda dutse, ya tafi makaranta, har ya zama cikin manyan malaman Mishna.

Tambayarka ta biyu su ma sun yi wa kansu ita. Talmud ya kawo wani zama a garin Lod inda aka tambaya: karatu ya fi ko aiki? Rabbi Tarfon ya ce aiki, Rabbi Akiba ya ce karatu, aka tsaya a kan cewa karatu ya fi saboda shi ke kai mutum ga aiki. Kuma galibin abin da ake karantawa na yau da gobe ne. Jimlar farko ta Talmud tambaya ce kan lokacin da ake fara karanta Shema, kalmar kaɗaita Ubangiji, da dare. Akwai nau'o'in aiki 39 da aka hana ranar Asabar, akwai raba nama da madara, hukuncin tsintuwa, biyan ɗan ƙodago haƙƙinsa a ranar, da wanda zai biya in bijimin mutum ya soki na maƙwabci.

Duk da haka sun ga cewa mutum kan cika da ilimi zuciyarsa na nan da girman kai. Wannan ya sa Rabbi Isra'ila Salanter, a Lituwaniya cikin ƙarni na 19, ya assasa tafarkin Musar, na gyaran hali. Mabiyinsa kan ɗauki hali ɗaya, haƙuri ko kame baki ko gaskiya a ciniki, ya bi shi mako guda, da dare ya rubuta inda ya zame. Watan Elul na kalandarsu da kwanaki 10 da suke ƙarewa da azumin Yom Kippur, ranar kaffara, lokacin tuba ne, kuma Mishna ta ce azumin ba ya kankare laifin da ka yi wa ɗan'uwanka sai ka je ka nemi yafiyarsa.

Kada ka ɗauka duk Bayahude haka yake rayuwa. Wannan tsari ya fi ƙarfi a wurin masu tsananta riƙo, akwai masu sassauci, akwai kuma da yawa da ba ruwansu da ibada. Cikin masu riƙon ma wasu malamai suna sukar Daf Yomi da cewa gudu ne, warƙar da ta cancanci mako ana tsallake ta cikin awa ɗaya, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Mata kuwa an daɗe ba a buɗe musu wannan ƙofa ba. Sarah Schenirer, wata tela a Krakow, ta buɗe wa 'yan mata makarantar addini a 1917, kuma sai a Janairun 2020 mata fiye da 3,000 suka yi nasu babban bikin kammala Talmud na farko a birnin Kudus.