Amsa ga ƙanenmu na Marwa: kowane saƙo da DbContext ɗinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena na Marwa, na saurari tambayarka. Ka ce manhajarka tana karɓar saƙonnin biyan kuɗi daga layin RabbitMQ (manhajar da ke jera saƙonni tana miƙa su ga mai karɓa), ka buɗe DbContext (abin da manhaja ke magana da rumbun bayanai ta cikinsa) guda ɗaya tun tashin sabar, kuma da zarar saƙonni sun yi yawa sai ta tsaya tana cewa an fara aiki na biyu alhali na farko bai ƙare ba.

Ba a gina DbContext na Entity Framework Core (EF Core, kayan aikin haɗa manhaja da rumbun bayanai) don zaren aiki biyu, wato ayyuka biyu da ke gudana tare a cikin manhaja, su taɓa shi lokaci guda ba. Shi ne ke riƙe da lissafin duk abin da aka ɗauko daga rumbun bayanai da duk canjin da aka yi, don haka idan zare ɗaya ya cire sefa 5,000 daga asusun mai saye bai kai ga zuba wa mai shago ba, ɗayan kuma ya kira SaveChanges, wato umarnin adana canje-canje, rabin aikin nan zai iya shigewa rumbu. Wannan ya fi tsayawar manhajar tayar mini da hankali, domin haƙƙin mutane ne, kuma ba lallai allo ya nuna komai ba.

A ɓangaren shafin intanet, umarnin AddDbContext yana bai wa kowace buƙata nata DbContext ɗin, shi ya sa can lafiya lau. Mai sauraron layin RabbitMQ ba shi da wannan gata, sai ka tanadar masa. Ka yi amfani da IDbContextFactory, mai samar da sabon DbContext duk lokacin da aka nema, wanda ya zo da EF Core 5 a 2020: saƙo ya iso, ka buɗe sabo, ka yi aikin, ka adana, ka rufe. Kada tsada ta dame ka, hanyoyin haɗi da rumbun suna nan a ajiye, aro ake yi a mayar. Sanya kulle a kan DbContext guda ɗayan nan kuwa ban ba ka shawara ba, zai jera zarurrukan a sahu ɗaya, lissafinsa kuma ya yi ta kumbura.

Sannan kada ka miƙa wa wani zare abin da ka ɗauko, lambarsa kawai za ka tura ya ɗauko da kansa. Kada kuma ka shaida wa RabbitMQ an gama sai adanawa ta tabbata. Idan wuta ta ɗauke a tsakani zai sake turo saƙon, saboda haka ka ajiye lambar kowane saƙo a ginshiƙin da ba ya karɓar maimaici, don kada a biya sau biyu.