Amsar Kawu a kan rayuwar Baba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, rubutu a waya yana ba ni wahala, shi ya sa na ce bari in yi murya. 'Yata, na ji tambayarki tun daren jiya. Kin ce ku jikoki kun tarar da Baba ya riga ya tsufa, kullum yana zaune da carbinsa, kina so ki ji wane irin mutum ne lokacin da yake da ƙarfinsa. To, Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Ni dai in aka ce Baba, iri nake fara tunawa. Irin shuka nake nufi. Duk shekara kafin a sa hannu a girbi, shi kaɗai yake shiga gona da sassafe, yana bin kunya ɗaya bayan ɗaya yana duba zangarniya. Wadda ta cika ta yi nauyi, babu ɓurtuntuna, ita zai yanke. Ya ɗaure daminta daban, ba ya shiga rumbu, sai ya rataye shi a inda hayaƙi ke bugunsa saboda ƙwari. Wake kuma ya cakuɗa shi da toka ya rufe. Ko Inna ba ta isa ta taɓa wannan damin ba.

To a farin 1984, ina yaro amma na yi wayo, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Abin da muka kwaso bai taka kara ya karya ba. Tun kafin bazara rumbu ya koma wayam. Inna ta ce masa, Malam, a sauko da damin nan a sussuka, yara na kwana da yunwa. Ya ce a'a. Ya sayar da awaki, ya sayar da kekensa, har aikin lada ya tafi yi a gonakin rani na wasu, mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙodago ba. Amma damin nan yana nan a rataye. Kwana uku Inna ba ta yi masa magana ba. Ni kaina, Allah ya yafe mini, na ji haushinsa sosai. Ina kwance ina kallon hatsi a sama, cikina na kuka.

Sai daga baya ya gaya mini dalili. Ya ce a farin 1973 ya ga gidajen da suka cinye irinsu, da ruwa ya dawo ga gona ga ƙarfi, babu abin jefawa a rami. Yunwar shekara ɗaya ta zama ta shekara biyu. Kuma wallahi haka aka yi, da ruwan shuka ya sauka a 1985, maƙwabta suka riƙa sallama a ƙofar gida. Kwano-kwano ya dinga aunawa yana bayarwa, bai karɓi ko sisi ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, in kaka ta yi kowa ya ware nasa.

Bai yi boko ba, amma ya san ƙasa. Ba a sare gawo a gonarsa, domin ya ce ita ce bishiyar da ke zubar da ganye da damina, ba ta tare wa shuka rana, ga taki kyauta a gindinta. Wake yake sakawa tsakanin gero da dawa, ya ce yana maido wa ƙasa ƙarfi. Da na girma na ji malaman gona suna faɗin haka nan, wai saiwar wake ce ke tara sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wuta-wuta kuwa, in ya gan ta, sai a tuge ta kafin ta yi fure, don ƙwayarta na iya shekara goma a ƙasa tana jira.

Kar ki ɗauka waliyyi nake ba ki labari fa. Baba akwai faɗa, akwai taurin kai. In ka yi noman firi ka bar ciyawa a bayanka, sai ka koma tun daga farkon kunya. Takin zamani ma sai da aka yi shekaru ana lallashinsa. Amma bai taɓa cire ɗayanmu daga makaranta don a yi maimai ba, ko da ciyawa ta ci gona. Mahaifiyarki ce shaida, ranar da aka so a ajiye ta a gida, shi ya ɗauke ta ya kai ta har bakin aji. Kuma ba ya sa loma a baki sai ya tambaya ko yara sun ci.

Af, kar in manta. Auta, in kana jina, damin bara yana nan rataye a ɗakinsa, na gani ranar da muka zo. Don Allah in za a gyara ɗakin kada a haɗa shi da na rumbu, kada a kai shi niƙa. Ku bar shi yadda yake, zan zo kafin ruwan shuka mu raba wa duk mai so a cikinmu. Muryar ta yi tsawo, a gaida yara. Sai anjima.