Ɗan kwale-kwale, ɗan tirola da ɗan babban jirgi: wa ya fi sanin teku?

TAMBAYA

Salamu alaikum Baba, dan Allah ka raba mana wata gardama. Ni ɗan Nima ne a Akra, shekarata 23, na gama sakandare kuma raina na kan aikin teku. A bes ɗinmu inda muke shan ataya da daddare akwai yayana da ya yi shekara shida a jirgin kamun kifi a Tema, akwai kuma abokinsa da ya yi kwantiragi uku a jirgin kwantena har Turai, kullum sai sun yi musu kamar za su daku. Na kwantena yana cewa ɗan kifi ai ba siman ba ne, wato cikakken ma'aikacin jirgin teku, masunci ne kawai, yayana kuma yana cewa su 'yan manyan jirage a otal suke kwana kwamfuta ke musu tuƙi. Sannan su biyun sun haɗu sun raina 'yan kwale-kwalen Chorkor. Wa ke da gaskiya, kuma ni wanne ya kamata in shiga?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wannan musun na same shi tun ranar da na fara taka jirgi ina saurayi, kuma har na sauka na dawo gida da furfura ba a gama shi ba. Na yi aiki a jirgin kifi, na yi a jirgin kaya, saboda haka abin da zan gaya maka ba jita-jita ba ne.

Kowannensu ya kama gaskiya ta gefe ɗaya, amma inda suka haɗu suka raina ɗan kwale-kwale, nan kam su biyun sun yi kuskure babba, kuma da nan zan fara don shi ne ya fi yi min ciwo.

Wata rana ka tashi da asuba bayan sallah ka shiga turoturo ka sauka Jamestown ko Chorkor, amma kar ka je ranar Talata don masuntan Ga da Fanti da yawa ba sa shiga ruwa ranar, al'ada ce tun ta kakanni. Ka tsaya ka kalli yadda ake tura kwale-kwale cikin ruwa. Gindinsa itacen wawa ne guda ɗaya da aka sassaƙe aka fafe cikinsa sannan aka ɗora masa katakai a gefe, an liƙa masa injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a kuiɓi, a babba za ka ga mutum goma sha wani abu da tarin raga. Shugabansu da suke ce wa bosun zai tsaya ruwa iya gwiwa bai ce komai ba, idonsa na kan igiyar ruwa yana ƙirga su, manya su zo su fashe ɗaya bayan ɗaya shi dai yana jira, sai can ya ga ɗan sarari ya yi ihu guda kowa ya tura ya haye a tada inji kafin wata babbar ta iso. In ya yi jinkirin daƙiƙa biyar igiya ta bugi jirgin ta gefe, an kife da raga da inji da komai, kuɗin da mutum ya tara shekaru ke nan ya tafi. Wannan mutumin yana gane inda kifi yake da launin ruwa da tsuntsaye, yana sanin lokacin da ruwa ya yi sanyi daga Yuli zuwa Satumba cewa kifin amane sun taso, kuma da hunturu lokacin da hazo ke rufe gaɓa ba ka ganin ko hasumiyar Jamestown yana dawo da yaransa gida lafiya. Na ga manyan jami'an jirgi masu satifiket an ɗora su kan kwale-kwale, kafin a yi awa ɗaya jiri da amai sun kwantar da su, domin rawar ƙaramin jirgi daban take da ta babba.

Kuma tarihi ma yana bayansu. Kafin a buɗe tashar Tema a 1962 Akra ba ta da inda babban jirgi zai jingina, sai dai ya jefa anga can nesa, ƙananan jirage masu filafili su ne ke ratsa wannan igiyar ɗauke da buhunan koko su kai masa su kuma sauko da kayan da ya kawo, har fasinja ta haka ake sauke su. A lokacin Takoradi ce kaɗai ke da tasha mai zurfi tun 1928. To kaga wanda ake rainawa yau kakansa ne ya riƙe kasuwancin garin nan da ƙwanjinsa.

Yanzu mu zo kan abokin yayanka. Maganar cewa a otal suke kwana, eh akwai gado akwai AC akwai mai dafa abinci, ba ƙarya ba ne, amma wanda ya ce kwamfuta ke yin aikin bai taɓa tsayawa gadi a ɗakin tuƙi ba. Awa huɗu kana tsaye awa takwas kana hutu, haka dare da rana har watanni, kuma jirgin ba shi da birki irin na mota. Ƙa'idar hukumar teku ta duniya IMO ta ce jirgi in an juya masa inji baya gaba ɗaya ya kamata ya tsaya cikin tazarar da ba ta wuce tsawonsa sau 15 ba, ka lissafa da kanka, jirgi mai mita 200 yana iya cin kilomita uku kafin ya tsaya. Ma'ana jami'in da ke gadi dole ya hango abin da zai faru nan da minti ashirin ya yanke shawara tun yanzu, wannan ilmi ne mai zaman kansa kuma ɗan kwale-kwale ba shi da shi.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. Wani dare muna tahowa ta yammacin Takoradi za mu Tema, misalin ƙarfe uku, rada ba ta nuna komai a gabanmu ba domin katako ba ya fitowa da kyau a rada, ga igiya tana ɓoye shi. Wanda ke gadin ido tare da ni wani dattijon Fanti ne da ya tashi a kwale-kwale kafin ya shigo babban jirgi, ba shi da wani karatu mai zurfi, sai ya ce min ofisa akwai mutane a gabanmu ta dama kaɗan. Na duba da madubin hangen nesa ban ga komai ba, ya ce ka duba ƙasa-ƙasa akwai ɗan haske yana ɓacewa yana dawowa, tocila ce ake kaɗawa. Na karkata jirgi, muka wuce su a tazarar da har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, mutane ne cike da kwale-kwale sun shimfiɗa raga. Idonsa ya gan su, hannuna ya san yadda zai juya ƙarfe mai nauyin dubban tan, da ɗayanmu babu a wurin da wasu gidaje sun wayi gari da zaman makoki. Tun daga ranar ban sake yarda an zagi masunci a gabana ba.

Shi kuma yayanka a wajen wahalar jiki gaskiya ba wanda ya kai su. Jan raga cikin dare, waya mai tsinkewa ta yanke mutum, barci kaɗan, ɗakin sanyi, ƙarnin da ba ya fita daga jiki, in ya ce ya fi ɗan kwantena shan wuya ka yarda da shi. Sai dai shan wuya daban sanin tuƙi daban, mutum zai iya yin shekara goma yana zaɓen kifi a bayan jirgi bai taɓa buɗe taswira ba. Shi ya sa in mutum ya ce min shekarata kaza a teku nakan tambaye shi a wane irin jirgi, a wane ruwa, kuma me hannunka ke yi. Ko wanda ya ƙware a tafkin Volta tsakanin Yeji da Makango, ya san inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye bayan dam ɗin Akosombo suke, in ka kawo shi Tema ɗan koyo ne, haka kyaftin ɗin Tema in ka kai shi Yeji sai ya nemi ɗan gari ya nuna masa hanya.

Akwai kuma ɓangaren wannan gabar da ba wasan bes ba ne. Tsakanin 'yan kwale-kwale da 'yan tirola, wato jiragen kifi masu jan raga, akwai ɗaci na gaske, domin tsohuwar dokar kamun kifi ta 2002 ta keɓe wa ƙananan masunta ruwan kusa da gaɓa, mil shida na teku ko zurfin mita 30, amma sun daɗe suna kukan tirololi na shigowa da dare suna yaga musu raga, ga harkar saiko da ake kama ƙananan kifi a daskarar a sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, wanda doka ta hana. Kifi ya ragu kowa ya shaida. Saboda haka in ka ji ɗan Chorkor yana magana da zafi kan tirola kar ka ɗauka hassada ce, abincin 'ya'yansa yake magana a kai. Ko a tsakanin masu kwale-kwale su ma akwai musun na katako da na faiba, masu faiba na cewa ba nauyi ba shan mai kuma wawa ya yi wuyar samu a daji, masu katako na cewa namu in ya kife yana nan saman ruwa ka riƙe shi har a zo ceto kuma kafinta na bakin ruwa zai gyara maka, a nan ni dai ina ganin maganar masu katako tana da nauyi sai in faibar an cusa mata abin da ke hana nutsewa.

Kuma kar kowa ya ruɗe ka da cewa girman jirgi shi ne tsira. Joola jirgin ƙarfe ne babba na Senegal, ya kife a gaɓar Gambiya a Satumban 2002 da lodin da ya ninka abin da aka gina shi ya ɗauka, sama da mutum 1,800 suka rasu, ya fi na Titanic yawa. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

To wanne za ka shiga. Tunda ka yi sakandare kuma kana da ƙuruciya, shawarata ita ce hanyar takarda, ba don ta fi daraja ba sai don tana da matakala da za ka hau kuma tana bin ka duk ƙasar da ka je. Makarantar na nan kusa da kai a Nungua, Regional Maritime University, ta fara ne a 1958 da sunan Ghana Nautical College shekara ɗaya bayan gwamnatin Nkrumah ta kafa Black Star Line, kamfanin dai ya rushe tun shekarun 1990 shi ya sa yaranmu yanzu suke neman gurbi a jiragen ƙasashen waje, kuma in gaya maka gaskiya samun gurbin farko shi ne wahalar, ka shirya haƙuri. Kafin ka taka jirgin kasuwanci dole ka yi kwas ɗin kariya na STCW, yadda za ka tsira a ruwa, kashe gobara, taimakon farko da zaman tare da abokan aiki, ka yi gwajin lafiya har da na ido domin wanda ba ya bambance ja da kore ba zai yi gadi a ɗakin tuƙi ba, sannan ka karɓi littafin siman a Ghana Maritime Authority. A cikin wannan littafin ake buga hatimin kowane jirgi da ranar hawa da ranar sauka, shi ne gogewar da duniya ta sani, ba labarin bes ba. Mai son zama ofisan gadi in ya bi ta makaranta yana buƙatar wata 12 a teku da littafin horo, in kuma ta ƙasa ya taso wata 36 ne. Ka lura, kwanakin jirgin kifi ba lallai a ƙirga maka su duka ba in ka zo neman satifiket na jirgin kasuwanci, masu kifi da nasu tsarin daban, saboda haka ka je ofishin hukumar ka tambaya kafin ka sa hannu a ko'ina, shi ma yayanka ya je da littafinsa a duba masa shekaru shidan nan.

Dan Allah kuma ka kiyayi ejan da zai ce kawo sidi dubu kaza in sa ka a jirgi. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun siman, mai jirgi ne ke biya, na san iyaye a zango da suka sayar da kadara suka ba irin waɗannan mutane har yau ba jirgi ba kuɗi. Ka nemi ganin lasisinsa, ka karanta kwantiragi ka riƙe kwafi ka bar ɗaya a gida wajen mahaifiyarka.

Abu na ƙarshe, ka iya ruwa? Yawancin yaranmu na zango ba su iya ba, mu jikokin fataken goro ne ba na masunta ba. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas ka fara koyon iyo a wurin da akwai mai koyarwa, ba ka faɗa teku a Labadi kai kaɗai ba. In ka iya, ka nemi wani bosun a Jamestown ta hannun dattijon da ya san shi, ka gaishe shi da ladabi ka roƙi ya fita da kai sau ɗaya ranar da ruwa ya kwanta, ka sa rigar ceto ko da sun yi maka dariya, ka ci abu kaɗan da safe, in ka dawo ka sake rubuto min ka gaya min yadda cikinka ya yi.