Me Ya Sa Wayata Ta Ƙi Kunna Min Kati? Amsoshin Tambayoyinku Kan Yu-Gi-Oh! Master Duel

Saƙonnin wannan makon sun karkata kan wasa ɗaya, kuma kusan duk ƙorafinsu iri ɗaya ne: wai manhajar ta lalace, ko kuma tana nuna son kai. Wasan shi ne Yu-Gi-Oh! Master Duel na kamfanin Konami na Japan, wanda ya fito a watan Janairun 2022 a kwamfuta da na'urorin wasa, sannan ya sauka a wayoyi. Asalinsa wasan katunan takarda ne da aka fara sayarwa a Japan a 1999. Manhajar ba ta ƙirƙiri dokokin kanta ba, dokokin takardar nan ta ɗauko tana zartarwa ba sani ba sabo. A kan tabarma abokinka zai iya kau da kai idan ka yi kuskure. Kwamfuta ba ta san wannan ba.

Tambaya: Malam, na kife katin tarko, abokin karawata ko motsi bai yi ba tukuna, na yi ta dannawa amma ya ƙi kunnuwa. Har na goge manhajar na sake saukewa, abin bai canza ba. Wayar ce ko wasan? — Wani ɗalibi daga Zariya

Ƙanena, wayarka lafiyarta ƙalau, kuma don Allah kada ka ƙara gogewa. Datar da ka ƙona ba kaɗan ba ce, sannan idan ba ka haɗa asusunka da Konami ID ba, gogewa za ta iya raba ka da duk katunan da ka tara. Ka fara yin wannan haɗin tun yau.

Dokar ita ce ba a kunna katin tarko, wato mai launin shunayya, a zagayen da aka kife shi. Sai zagayen ya ƙare, abokin karawa ya karɓa. Haka ma katin sihiri na gaggawa, koren nan mai alamar walƙiya: a zagayenka kana iya kunna shi kai tsaye daga hannu, amma da zarar ka kife shi, ya zama sai zagaye na gaba. Akwai 'yan katuna da suka fita daga wannan ƙa'ida, irin su Infinite Impermanence, wanda ake kunnawa daga hannu idan ba ka da kati ko ɗaya a fili, amma shi an rubuta hakan ƙarara a jikinsa.

Tambaya: Abokina ya kunna Raigeki, na maza na fasa shi da Mystical Space Typhoon. Na ga katinsa ya tarwatse da idona, amma duk da haka dodannina suka mutu. Wannan ba cuta ba ce? — Mai gyaran waya daga Maraɗi

Ba cuta ba ce, ɗan'uwa, kodayake na fahimci zafin abin. Ka ci karo da ginshiƙin wasan gaba ɗaya, don haka bari in ɗan zauna a kai.

Duk lokacin da wani ya kunna kati, katin ba ya aiki nan take. Ana fara ba ɗaya ɓangaren damar mayar da martani, sannan a dawo wa na farko, haka har kowa ya ce ya isa. Jerin da aka gina shi ake kira sarƙa, kuma kowane kati yana samun lamba: 1, 2, 3. Idan aka gama, sai a warware daga ƙarshe zuwa farko. Ka ɗauki lodin buhuna a bayan mota: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Kai da kake aiki da waya ka san tsarin nan, domin shi ne maɓallin komawa baya yake bi, shafin da ka buɗe a ƙarshe shi kake fara bari.

To a wasanku Raigeki ne lamba 1, naka lamba 2. Naka ya fara aiki, ya fasa katin. Amma fasawa daban, sokewa daban. Raigeki katin sihiri ne na yau da kullum mai kashe duk dodannin abokin karawa, dama maƙabarta, wato wurin da ake ajiye katunan da suka bar fili, zai tafi da zarar ya gama aikinsa, kuma ikonsa ya riga ya hau sarƙa. Ka fasa takardar ne, umarnin yana nan. Mystical Space Typhoon yana tsayar da kati ne idan katin irin wanda dole ya zauna a fili ne kafin ya yi aiki, misali Call of the Haunted, tarkon da ke taso da dodo daga maƙabarta: idan ka fasa shi a kan sarƙa, dodon da aka nufa ba zai taso ba. Wanda zai tsayar da Raigeki sai katin da ke ɗauke da kalmar negate, wato sokewa, kamar Solemn Judgment, shi kuwa rabin makin ranka zai ci, makin da idan ya ƙare ka faɗi wasan.

Akwai kuma maganar sauri. Katuna hawa uku ne. Hawa na 1 su ne katunan sihiri na yau da kullum da yawancin ikon dodanni. Waɗannan suna buɗe sarƙa, amma ba a mayar da martani da su. Hawa na 2 su ne tarkuna, da sihirin gaggawa, da ikon dodanni na gaggawa. Hawa na 3 tarkunan martani ne, masu alamar lanƙwasasshiyar kibiya. Ba za ka ɗora ƙaramin hawa a kan babba ba. Shi ya sa idan aka kunna Solemn Judgment za ka ga duk katunanka sun yi shiru, sai fa in kana da tarkon martani irinsa.

Tambaya: Na kunna Pot of Desires, aka soke min shi da Ash Blossom. Ban ja kati ko ɗaya ba, amma katuna 10 sun ɓace daga tarina, kuma na biyun da ke hannuna ya ƙi kunnuwa. Asara biyu a lokaci guda? — Wata ɗaliba daga Kano

'Yar'uwa, tambayarki ce na fi so a wannan makon, saboda amsarta tana cikin alamomin rubutun da muke tsallakewa. Tun 2011 Konami ta sake fasalin yadda ake rubuta katunan Turanci, ta mayar da alamomin rubutu doka. Abin da ya zo kafin ruwa biyu (:) sharaɗi ne, wato lokacin da aka yarda a kunna. Abin da ya zo kafin waƙafi mai ruwa (;) shi ne abin da za ki yi a daidai lokacin kunnawa: biyan farashi ko zaɓen katin da kika nufa. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin aikin, wanda sai an zo warware sarƙa yake faruwa.

Ki buɗe Pot of Desires ki duba. Korar katuna 10 daga saman tari a kife tana kafin waƙafi mai ruwa, jan katuna 2 yana bayansa. Goman nan farashi ne, kuma farashi ba ya dawowa ko da an soke aikin. Masu shirya manhaja za su gane wannan salo nan da nan, domin katin ya zama tamkar ƙaramin layin umarni: sharaɗi, shigarwa, sakamako. A ganina wannan gyara na 2011 ne ya sauƙaƙa wa kwamfuta yin alƙalanci a wasa mai katuna sama da 10,000.

Wannan doka ba ke kaɗai take cizo ba. Ita ma Ash Blossom, katin dodon da ake kunnawa daga hannu, jefar da ita maƙabarta ake yi a matsayin farashi. Da kina riƙe da Called by the Grave, da sai ki ɗora shi a matsayin lamba 3, ki nufi Ash ɗin da ta riga ta faɗa maƙabarta. Warwara ta fara daga naki: an kori Ash, an kashe ikonta. Lamba 2 ta wuce ba ta yi komai ba. Lamba 1 ta ba ki katunanki biyu. Duk wanda ya fahimci wannan misali ɗaya ya fahimci rabin wasan.

Batun na biyun da ya ƙi kunnuwa kuwa, a ƙasan katin an rubuta cewa guda ɗaya tak ake kunnawa a zagaye, kuma kalmar da aka yi amfani da ita ita ce activate, wato kunnawa. Ash Blossom aikin kati take sokewa, ba kunnawar ba. A idon doka kin riga kin kunna, damarki ta tafi. Da Solemn Judgment aka soke miki, wanda ke soke kunnawar kanta, da manhajar ta bar ki kin kunna na biyun, kodayake za ki sake biyan wasu 10, kuma a tarin katuna 40 wannan shawara ce mai nauyi. Idan kuma kalmar use, wato amfani, ce a jikin kati, to ko ta wace hanya aka soke, an gama da shi a wannan zagaye.

Tambaya: Na sadaukar da Peten the Dark Clown don in kira babban dodo, amma wasan bai tambaye ni ikonsa ba. Sangan kuwa kullum yana aiki idan na sadaukar da shi. — Daga Kumasi

Kalma ɗaya ce ta raba su. Rubutun Peten ya fara da When, wato lokacin da, kuma ikonsa na ganin dama ne, akwai you can a ciki. Irin wannan iko ba ya kunnuwa sai idan sharaɗinsa ne abu na ƙarshe da ya faru. Da ka sadaukar da shi, ya tafi maƙabarta, sannan babban dodon ya sauka. Abu na ƙarshe saukar dodon ne, lokacin Peten ya wuce. Da a fagen faɗa aka kashe shi, da an tambaye ka. Rubutun Sangan ya fara da If, wato idan, kuma ikonsa dole ne, don haka yana jiran a gama ya taso. Ni kaina ina ganin wannan doka ta yi wa sabon shiga tsauri, musamman mu da Turanci ba harshen uwa ba ne kuma babu wasan da Hausa. Amma haka take, kuma duba kalmar farko ba ya cin daƙiƙa biyu.

Tambaya: Wani lokaci wayar ba ta tambayata ko zan kunna tarko sai dama ta wuce, wani lokaci kuma ta dame ni da tambaya har lokacina ya ƙare. — Ɗan kasuwa daga Kaduna

Alhaji, wannan kam saiti ne. Wasan yana da matsayi uku na tambaya: Auto, ON da OFF. A Auto yana tambayarka ne a manyan gaɓoɓi, kamar lokacin da aka kira dodo, aka kunna kati ko aka kawo hari. A ON yana tsayawa a kowace gaɓar da doka ta ba ka dama, har da farkon zagayen abokin karawa da ƙarshensa. A OFF ba ya tambaya kan ikon ganin dama. Ka shiga saitin karawa ka fito da maɓallin sauyawa a fuskar waya. Shawarata ka zauna a Auto, ka koma ON kawai idan kana dakon wata gaɓa ta musamman, misali kana so ka fasa katin da abokin karawa ya kife kafin zagayensa ya rufe. Ka kuma lura da babban yatsanka, domin a ƙaramin allo ana taɓa maɓallin ba da niyya ba, mutum ya yi ta wasa a OFF bai sani ba.

Wani abu da masu wasa da yawa ba su lura da shi ba: a ON ko Auto, ɗan jinkirin da ake samu yayin da wayar ke jiranka yana shaida wa gogaggen abokin karawa cewa kana riƙe da martani. Shi ya sa wasu ke komawa OFF da gangan har sai katin da suke so su soke ya kusa fitowa.

Akwai kuma gaɓar lissafin ɓarna a tsakiyar faɗa, inda doka ta taƙaita abin da ake kunnawa: tarkunan martani, masu soke kunnawa, masu sauya ƙarfin hari ko kariya, da waɗanda rubutunsu ya ba su izini. Ash Blossom ba ta cikinsu, don haka ko kana ON ba za ta haska a wurin ba.

Sai maganar sabis. Agogon karawa na ainihi yana can a uwar garken kamfanin, ba a wayarka ba. Idan layi ya yanke ya daɗe, faɗuwa ake rubuta maka. Kada ka shiga karawar matsayi a cikin mota mai tafiya ko da batir a ja, kuma ka cire wasan daga jerin manhajojin da tsimin batir ke kashewa a bayan fage. Idan wani abu ya faru ba ka gane ba, akwai kundin tarihin karawa a cikin wasan da ke jera abin da aka kunna ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe shi, ka danna katin da ya ba ka mamaki, ka nemi ruwa biyu da waƙafi mai ruwa a jikinsa. Sashen Solo kuma yana da darussan gwaji da kwamfuta, inda za ka iya gina sarƙa ka warware sau goma ba tare da matsayinka ya ragu ba.